Ranar da Engkos Bai Sauko Daga Dutse Ba

Mijina Engkos ya rasu cikin watan da ruwa ba ya ɗaukewa, yana da shekara arba'in da huɗu. Sunana Ikah. A Legokawi aka haife ni, ƙauyen ƙarshe sama da gonar shayi, daga mu sai daji. Duk wanda ka tambaya a nan zai ce maka santsi ne ya kashe Engkos. Ba ƙarya suka yi ba, iyakar abin da suka sani ke nan.

Da gansakuka muke ci, da ita muke sha. A dajinmu babu kututturen da bai yafa ta ba, babu dutsen da ba ta lulluɓe ba, koriya shar, mai laushi kamar gashin ɗan tsako. In ka damƙo ta ka matse, ruwa zai bi hannunka har gwiwa. Maza su hau su ɓamɓaro ta su cika buhuna, mu mata mu zauna mu tsince itatuwa da matsattsaku, mu shanya a tabarmin gora, ranar Alhamis mota ta zo ta kwasa zuwa wajen masu furanni a birni. Zamanin mahaifina, karan taba ɗaya mutum zai sha tsakanin ƙofar gida da inda zai cika buhu. Shi yakan ɓamɓari gefe ɗaya na itace ya bar ɗaya, yana cewa sai ta shekara bakwai kafin ta mayar da jiki. Ba wanda ya saurare shi. Kafin in yi aure, itatuwan kusa duk sun koma tsirara. Lokacin da nake ba da labari kuwa, sai an yi hawan awa uku, an wuce turakun nan masu jan fenti da hukuma ta kafa ta ce daga nan ba a shiga.

A bayan turakun aka kama ƙanena Darta, shekara biyu kafin abin ya faru. Wata bakwai ya yi a kurkuku a birni. Ya dawo babu haƙoransa biyu na gaba, ya rame kamar sandar gora, kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da aka yi masa a can ba. In aka rufe ƙofar ɗaki yana ciki sai ya tashi ya buɗe. In ya ji takun manyan takalma a hanya sai ya miƙe tsaye, ko da abinci a bakinsa. An gaya masa in aka sake kama shi, ba maganar watanni ba ce kuma. Maza suka daina hawa da shi, wai an riga an san fuskarsa. Engkos ne kaɗai ya ce, "Ƙanen matata ne, ina zan kai shi? Ya zo mu je."

Ranar Talata ce. Bayan sallar asuba na ƙunsa wa Engkos shinkafa a ganyen ayaba, da busasshen kifi da dakakken barkono kaɗan. Yana da gyambon ciki, shi ya sa ba ya yarda rana ta take bai ci ba. Da hantsi ya ɗaga sosai zai ajiye adda ya buɗe ƙunshinsa, ko da kuwa buhu bai kai rabi ba. Har tsiya ake yi masa, wai cikinsa ya fi agogon masallaci cika alkawari.

Darta ya iso yana hamma, buhuna a kafaɗa. A yarenmu yaya mace Teteh ce, yaya namiji kuma Kang ko Akang.

"Ga sarkin barci," in ji Engkos. "Matarka Yuyun ta sake ka? Mun ɗauka sai mun aika da takarda."

"Haba Kang, mai ciki wata takwas? Ni nake girki, ni nake ɗebo ruwa. Kai dai Teteh ta lalata ka, har kifi ake ƙunsa maka."

"In kana so ka zo ka auri yayarka."

"Allah ya kiyaye. Ni na san faɗanta tun kafin ka san ta."

Na jefe shi da ɓawon rogo, ya goce yana dariya da wannan wawulon nasa. Engkos ya kunna tabarsa mai kanumfari, ya ce yau kwazazzabon sama za su, can inda ruwa ke faɗowa, an ce gansakukar wurin ta kai kaurin katifa. Na ce, "Akang, ruwa aka kwana ana yi." Ya ce, "Yaushe ba a kwana ana yi ba?" Ya rataya jakarsa, suka bi bayan gonar shayi suka haura.

Na wuni a rumfar shanya tare da Ema, mahaifiyarmu, muna tsince buhunan jiya. Wajen azahar gajimare ya sauko ya zauna a kan ƙauyen, har ba ka ganin gidan maƙwabci. Ba sabon abu ba ne. Muka ja tabarmi ciki muka ci gaba.

An yi la'asar da jimawa sai ga mutum ya ɓullo daga cikin farin nan, yana tangaɗi. Darta ne, shi kaɗai. Babu buhu, babu adda, rigarsa babu hannu ɗaya. Matsattsaku sun cika masa wuya da ƙafa, sun sha sun ƙoshi, bai ma cire su ba.

"Teteh," ya ce. "Kang Engkos ya faɗi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ya faɗi ina? Yana ina?"

"A kwazazzabo. Ƙafarsa ce. Ƙashi ya fito. Na ɗaure masa, amma ba zan iya ɗauko shi ni kaɗai ba."

"Da ransa?"

"Da ransa. Yana magana."

"Yaushe?"

Ya kalli ƙasa. "Ɗazu. Bayan azahar."

Ema ta ɗora hannu a ka. Na ruga masallaci, aka faɗa a lasifika, aka buga gangar gora. Maza goma sha ɗaya suka taru da igiya da zane da sanduna biyu, Darta a gaba duk da ko tsayuwa ba ya iyawa sosai. Suna isa jajayen turaku duhu ya rufa, ruwa ya kece, ƙoramar da za su tsallaka ta kawo iya ƙirji. Suka juyo. Mang Ojo, dattijon da ya fi kowa sanin dajin, ya ce mini, "Ikah, in muka matsa, gobe gawa huɗu za a sauko da su. Mijinki namiji ne, zai kai safe."

Da gari ya waye mai unguwa ya aika aka sanar da masu gadin daji, don ba yadda za a yi a ɓoye. Su biyar suka zo, shugabansu wani mai furfura da ake kira Pak Wardi. Ina ganin Darta ya miƙe tsaye da ya ji takunsu. Pak Wardi ya dube shi, ya gane shi sarai, amma ya ce, "Ba kama mutum muka zo yi ba yau. Wuce gaba ka nuna mana."

Na ɗaura zane a ƙugu na sa takalman roba. Suka ce mace ba za ta iya ba. Na ce to su ɗaure ni in sun isa.

Rabona da wannan dajin tun ina yarinya. Ƙasa-ƙasa itatuwan duk a kankare suke, baƙaƙe, ruwa na zuba a jikinsu kai tsaye. Sai da muka wuce turaku, muka tsallake ƙorama, sannan koren ya fara. Daga nan kuwa ba ka ganin ƙasa, ba ka ganin dutse, ba ka ganin ɓawon itace. Ka taka, ƙafarka ta nutse har idon sawu, ka ɗaga, wurin ya taso ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba. Ƙarƙashinta yana iya zama dutse, yana iya zama ruɓaɓɓen gungume, yana iya zama rami. Sau uku ina faɗuwa.

Darta ya yi ta kai mu yana dawo da mu. Wannan itacen ne, a'a, wancan ne. Duk kama ɗaya suke. Sai wajen walaha ya tsaya a bakin wani gangare ya ce, "Nan ne." Aka ga inda gansakuka ta saɓule daga jikin dutse, doguwar saɓa kamar an feɗe akuya, tun daga sama har ƙasa. Tsayin ya kai mutum huɗu. Aka zura igiya muka sauka.

Ga jini a kan duwatsu, ruwa ya wanke rabi. Ga addarsa. Ga jakarsa a jingine. Engkos ba ya nan.

"Nan na bar shi," in ji Darta. "Wallahi nan na bar shi. Na jingina shi da wannan dutsen."

"Ruwa ne ya taso jiya," in ji Mang Ojo, yana nuna inda kumfa ta tsaya a jikin dutsen, sama da kan mai zaune. "Ya ga zai ci shi, ya ja jiki ya matsa. Ba zai yi nisa ba."

Muka watsu muna kira. Na yi ta ƙwala kiran sunansa har muryata ta dushe. A wannan dajin murya ba ta tafiya. Ka yi ihu iya ƙarfinka, sai ka ji kamar cikin matashin kai ka yi shi, ga kuma ƙarar ruwan da ke faɗowa. Mutum yana taku ashirin da kai ba ka jin sa. Aka duba sama, don kowa ya ce mai gudun ruwa sama zai yi. Aka leƙa kogon itatuwa, aka caccaka ramuka da sanda. Babu sawu, babu alamar ja. Gansakuka ta tashi ta shafe komai.

Ni na ɗauki jakarsa na rataya. Na ji ta da nauyi, na leƙa, na ga ƙunshin shinkafar nan yadda na ɗaure shi, ko kwance shi ba a yi ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne, wayyo, yana can da yunwa. Ban yi wani tunani ba bayan wannan.

Gajimare ya sake saukowa da azahar. Pak Wardi ya ce a koma, kada a ƙara ɓatar da wani.

Ranar Alhamis muka fi yawa, har da mutanen ƙauyen ƙasa. Wannan karon Mang Ojo ya ce a bi ruwa ƙasa. "Mai karyayyar ƙafa ba ya hawa," ya ce. "Jiya mun yi tunanin masu ƙafa biyu." Shi ne ya gan shi, kafin hantsi ya yi zafi. Bai yi kira ba, zuwa ya yi ya kama hannuna.

Bai fi taku ɗari uku daga inda ya faɗi ba. Ya ja jikinsa ya shiga ƙarƙashin wani babban gungume da ya faɗi, inda ruwan sama ba ya samun sa sosai. Yana kwance a gefe, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, yadda yake kwanciya a gida. Hannun rigar Darta yana ɗaure a cinyarsa. Ya cusa gansakuka a bakin raunin ya danne, ta sha jini ta yi baƙi, ya cire ya sa wata, ya sake cirewa ya sa wata. A gabansa kuma ga wasu dunƙule-dunƙule masu tsabta, waɗanda ya matse a baki ya sha ruwansu ya ajiye. Suna da yawa. Duk inda hannunsa ke kaiwa a jikin gungumen ya kankare shi tas.

Na durƙusa na taɓa fuskarsa. Da sanyi, amma bai canza ba. Ɗaya daga cikin masu gadin ya ce da na kusa da shi, a hankali, yana zaton ba na ji, "Wannan bai daɗe ba. Jiya da yamma ne, ko yau da asuba."

Jiya muna nan. Jiya na tsaya a kan wani dutse da nake hange daga inda nake durƙushe, ina kiran sunansa. Ko ya ji ni, ko ya amsa, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Darta ya faɗi a ƙasa yana buga kansa da gungumen, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Aka naɗe Engkos a zane, aka rataya a sandar gora, aka fara sauka. Ina baya, Pak Wardi yana kusa da ni yana kama ni in na zame. Da muka zo ƙorama aka tsaya a huta. Ya cire hularsa ya share fuska, ya dubi wurin, ya girgiza kai.

"Abin da ya fi damuna, Ibu," ya ce, yadda ake kiran matar aure don girmamawa, "ranar Talata muna nan. Nan daidai. Mu shida, muna sake fentin turaku. Tun hantsi har bayan ƙarfe biyu. Ga igiya, ga oba-oba, ga mota a ƙasan gonar shayi. Da ya faɗi da wuri ko da awa biyu ne, da yaron nan ya iske mu, da kafin la'asar mijinki yana asibiti."

Na ce, "Daga nan zuwa can tafiyar nawa ce?"

"Ga mai sauri? Ba ta kai rabin awa ba."

Jakar tana rataye a kafaɗata tun jiya, ƙunshin ya fara tsami, ina jin warinsa. A nan bakin ƙoramar abin ya faɗo mini. Engkos ba ya kai azahar bai ci ba. Shekara goma sha tara ina ƙunsa masa abinci, bai taɓa dawo da shi ba. In bayan azahar ya faɗi, ganyen nan da babu komai a cikinsa.

Na juya na dubi Darta. Yana zaune can gefe, ba ya kallon gawar, ba ya kallon ruwa. Wata duhuwar ciyayi yake kallo a tsallaken ƙoramar.

Muka tashi muka ci gaba da sauka. Aka yi wa Engkos wanka, aka sallace shi, aka binne shi kafin magariba. Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai. Darta ne ke shimfiɗa tabarmi, shi ke raba kofi, shi ke wanke kofuna. Mata suna cewa, Allah sarki, dubi yadda yake ƙaunar mijin yayarsa.

Washegarin bakwai, da hantsi, na same shi a rumfar shanya yana juya gansakukar da ta fara ruɓewa don ba wanda ya kula da ita. Na tsaya a bakin rumfar.

"Darta, ƙarfe nawa ya faɗi?"

Bai ɗago ba. "Na gaya miki, Teteh. Bayan azahar."

"Bai ci abincinsa ba."

Hannunsa ya tsaya.

"Ƙarfe nawa?"

Ya ce, "Ba mu jima da isa ba. Ko rabin buhu ba mu yi ba."

"Wato wajen ƙarfe tara."

"Wajen haka."

"Ka sauko mana bayan la'asar. Ina ka tsaya?"

Ya zauna daɓas a kan tabarmar. Ya fara magana da sauri, yana haɗiye rabin kalmomin. Ya ce ya ɗaure ƙafar, ya jingina shi, ya rugo. Ya ce gudu yake kamar zai tashi sama. Da ya kusa ƙorama sai ya ji takalma, ya ji ana dariya, ya hango rigunan masu gadi. Bai san lokacin da ya faɗa cikin ciyayi ya kwanta ba. Ya ce a ransa, yanzu za su wuce. Ba su wuce ba. Suka yi fenti, suka sha taba, suka dafa kofi, suka ci abinci, ɗaya ma ya zo ya yi fitsari kusa da kansa. Hanya ɗaya ce, kuma a kanta suke zaune.

"Na yi niyyar tashi, Teteh. Sau nawa ina cewa yanzu zan tashi. Ƙafafuna suka ƙi. Wallahi ƙi suka yi. Ke ba ki san wurin can ba. Ba ki san abin da ake yi wa mutum ba."

"Awa biyar."

"Da suka tafi sai gajimare ya sauko, na ɓata hanya…"

"Awa biyar kana kwance kana jin suna shan kofi."

"Ai shi ma ya ce kada in kira su! Kang Engkos da bakinsa ya ce, kada ka bari masu gadi su gan ka."

Na shiga rumfar na tsaya a kansa. "Rantse. Ga masallaci can. Tashi mu je ka dafa Alƙur'ani ka maimaita."

Bai tashi ba. Ya rufe fuska da tafin hannu.

"Me ya ce maka, Darta?"

"Ya ce…" Sai da ya ja numfashi sau biyu. "Ya ce, duk wanda ka fara gani ka kira shi, ko masu gadi ne. Ya ce in suka tambaya zai ce shi kaɗai ya shigo, ni kukansa na ji daga waje. Ya ce kada ka ji tsoro, auta, ba zan bari su taɓa ka ba. Ya ce yi sauri, ina jin sanyi."

Ban mare shi ba. Na sha zaton in na ji gaskiya zan yayyaga shi da haƙori, amma hannuna ko motsi bai yi ba. Sai na ji motsi a bayana. Ema ce, tsaye da faifai a hannu. Da na ga fuskarta na gane ba yau ta fara jin wannan maganar ba.

"Kin sani," na ce.

"Tun ranar Laraba ya gaya mini." Ta ajiye faifan ta kama zanena. "Ikah, ki dube ni. Wanda ya tafi ya tafi, kwanansa ne ya ƙare. Wannan shi kaɗai ne namijin da na haifa. In dangin Engkos suka ji, ba zai kwana a ƙauyen nan ba. Ga Yuyun, yau ko gobe. Ki rufa mana asiri, don nonon da kika sha."

"Ranar Laraba yana da rai, Ema."

"To da na faɗa, da me zai canza? Da an same shi?"

Gaskiyarta, ba abin da zai canza. Wannan ma ya ƙara mini ciwo. Na cire hannunta daga zanena na koma gida.

Na rufa asirin. 'Yan'uwan Engkos sun zo addu'ar arba'in, sun rungume Darta sun yi masa godiya a gabana, na sunkuyar da kai. Amma daga ranar rumfar ban sake ce masa ko sannu ba. Kullum da safe zan tarar da itacen girki a ƙofata, wani lokaci da ƙunshin shinkafa ko kifi. Itacen na bar shi ruwa ya yi ta dukansa, abincin kaji suka ci. Yuyun ta haihu namiji, na je na yi barka na ɗauki jariri, da ubansa ya shigo na ajiye shi na fita. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa mini kai.

Ina cikin takaba, wata rana Pak Wardi ya biyo ta ƙauyen, ya tsaya a ƙofata bai shigo ba. Ya ce, "Ƙanenki ya zo ofishinmu jiya. Ya faɗa mini komai. Ya miƙo hannuwa wai in sa masa ankwa."

Na ce, "Sai ka yi me?"

"Me zan yi, Ibu? Na rasa laifin da zan rubuta. Na ce ya tafi gida. Ya zauna a bakin ƙofa har muka tashi." Ya juya hularsa a hannu. "Ni na kama shi wancan karon. Na kai shi birni na dawo, ban sake tambayar yadda ya ƙare ba." Sai ya yi sallama ya tafi.

Bayan mako biyu Darta ya bi motar Alhamis, a kan buhuna, ya ce wa Yuyun zai nemi aiki a jiragen kamun kifi. Wata huɗu yana kiran ta a waya. Daga nan layin ya daina shiga.

Ema ba ta yafe mini ba. Ta ce ni na kore shi, da na ce masa kalma ɗaya da yana nan. Shekara uku muna zaune a tabarma ɗaya muna tsintar gansakuka, don babu wani aikin, ba ta yi mini magana sai in ta ce miƙo wancan. Da ta kwanta ciwo ni na yi jinyarta, ni nake juya ta, ni nake wanke ta. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗago ta ce, "Auta ne?" A makon ƙarshe na karɓi tsohuwar lambar daga wajen Yuyun, na hau tudun bayan masallaci inda waya ke kamawa, na kira sau bakwai. Na riga na shirya abin da zan ce: ka zo, Ema tana neman ka. Iyakarsa ke nan, ban shirya komai bayan wannan ba. Wata murya ce kawai take cewa lambar ba ta aiki.

Ranar Asabar ta rasu, da rana tsaka. Maƙwabta suka haƙa kabarin. Yuyun ta jira shekara ɗaya bayan haka, sannan ta je wajen alƙali aka raba auren, ta koma garinsu da yaron.

Wani ɗan ƙauyen ƙasa ya ce ya ga mai kama da Darta a tashar jiragen ruwa, yana ɗaukar ƙanƙara, amma da ya kira sunansa mutumin bai waiwayo ba. Na tambaye shi ko ya ga bakinsa, ko akwai haƙoran gaba. Ya ce bai lura ba.